Gundumar Pune ta ƙasar Indiya: tambayoyi da amsoshi kan mulkinta da jama'arta

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta maimaituwa a bakin masu shirin zuwa Pune karatu, ko jinya, ko saro kaya, da kuma iyayen da 'ya'yansu ke can. Yawancin wahalar da baƙo ke sha a wurin ta rashin sanin ofishin da ke riƙe da al'amarinsa ce, don haka an fi tsayawa a kan wannan ɓangaren.

Pune gari ne ko gunduma?

Duka biyun. Akwai birnin Pune, akwai kuma gundumar da ta ɗauki sunansa, wadda birnin yake cikinta. Gundumar tana yammacin Jihar Maharashtra, jihar da Mumbai ke zaman babban birninta, kuma tsakanin biranen biyu tafiyar kimanin kilomita 150 ce. Faɗin gundumar ya kai murabba'in kilomita 15,643, ita ce ta biyu a girman ƙasa cikin gundumomi 36 na jihar. A tsofaffin takardu za ka ga an rubuta Poona, rubutun Turawa ke nan, an mayar da shi Pune a 1978.

Sunan yana da wani amfani na uku. An kasa jihar zuwa manyan shiyyoyi shida, ɗaya daga ciki ita ma Pune ake ce mata, ta haɗa gundumomi biyar: Pune, Satara, Sangli, Solapur da Kolhapur. Idan takarda ta ce Pune, sai ka duba da kyau ko birni take nufi, ko gunduma, ko shiyya.

Idan an ce gunduma, irin ta hakimi ake nufi, ko kuwa ƙaramar hukuma?

Ko ɗaya bai dace sosai ba. Mun ce gunduma ne don ita ce kalmar da ta fi kusa, amma gundumar Indiya ta fi ta hakimi girma nesa ba kusa ba. A yawan jama'a, Pune ta yi kai ɗaya da Jihar Kano: ƙidayar Najeriya ta 2006 ta ba Kano mutum miliyan 9.4, ƙidayar Indiya ta 2011 ta ba gundumar Pune miliyan 9.4. Sai dai Kano tana da gwamna da majalisar dokoki, Pune ba ta da ko ɗaya. Yanki ce da gwamnatin jiha ta shata don tafiyar da aikinta, ta ɗora mata ma'aikacin gwamnati.

Wanda ya ji labarin Di'o daga bakin kakanninsa zai fi saurin ganewa, domin tsarin daga tushe ɗaya ya fito. Turawan Ingila sun daɗe suna mulkin Indiya ta hannun jami'in gunduma kafin su zo ƙasar Hausa, kuma Lugga kansa a Indiya aka haife shi a 1858. Bambancin shi ne a Arewa Di'o yana aiki ne tare da sarki da En'e, har gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da wancan tsarin. A Pune kuwa Turawa sun karɓe mulki kai tsaye bayan sun ci Peshwa, masu riƙe da daular Maratha a lokacin, da yaƙi a 1817 zuwa 1818, kuma da Indiya ta sami 'yancin kai a 1947 ba ta rushe kujerar jami'in gunduma ba. Tana nan har yau.

Mai ɗan sanin Larabci zai ji kalmomin mulkin nan ba baƙi ba ne a kunnensa. Zilla, wato gunduma, da taluka ko tahsil, wato yankin da ke ƙarƙashin gunduma, duk asalinsu Larabci ne, sun shiga ta hanyar Farisanci zamanin sarakunan Musulmi.

Mutum nawa ne ke zaune a gundumar?

Ƙidayar 2011 ta sami mutum 9,429,408. A 2001 kuwa 7,232,555 ne, ƙarin ya ɗan haura kashi 30 cikin 100 a shekara goma kacal. A lokacin ita ce ta huɗu a yawan jama'a cikin dukan gundumomin Indiya. Gundumar Thane ce ke gabanta a jihar, amma da aka yanke Palghar daga Thane a 2014, sai Pune ta zama ta ɗaya a Maharashtra.

Kusan kashi 61 cikin 100 mazauna birane ne. Kowane murabba'in kilomita yana ɗauke da kimanin mutum 603 idan an raba daidai, amma wannan lissafin yana ɓoye gaskiyar zaman, kamar yadda za ka gani a amsar da ta shafi talukoki. Masu iya karatu da rubutu sun kai kashi 86 cikin 100.

Me ya sa har yanzu alƙaluman 2011 ake kawowa?

Domin ita ce ƙidaya ta ƙarshe da aka kammala aka fitar da sakamakonta. Tun 1881 Indiya ke ƙirga jama'arta duk shekara goma ba fashi, har a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta 1941. Ta 2021 ce ta fara karya wannan jerin, annobar korona ta sa aka ɗage ta, ɗagewar ta yi ta tsawo, daga baya gwamnati ta tsayar da 2027.

Duk adadin da ka gani ana cewa shi ne yawan mutanen Pune na bana, hasashe ne aka gina a kan 2011. Abin yana da illa ga talaka. Rabon hatsin tallafi, yawan ajujuwan makaranta, girman bututun ruwa, duk da ƙidaya ake auna su, kuma unguwannin gefen birni da suke gonaki a 2011 yanzu dogayen benaye ne cike da mutane. Mu da ƙidayarmu ta ƙarshe ta tsaya a 2006 mun san wannan ciwon.

Na ga an rubuta 94,29,408. Kuskuren bugu ne?

Ba kuskure ba ne, haka Indiyawa ke sa waƙafi a lamba. Suna ƙirga da lak da kuror. Lak ɗaya shi ne 100,000, kuror ɗaya shi ne miliyan 10. Saboda haka mutanen gundumar lak 94 ne da 'yan kai. Ka riƙe wannan da kyau kafin ka biya kuɗin makaranta ko na asibiti, domin lak biyu da rabi yana nufin rufi 250,000 na kuɗin Indiya.

Wane ne shugaban gunduma, kuma wa ya zaɓe shi?

Kwalekta ake ce masa, da Marathi, harshen jihar, kuwa Jilhadhikari. Babu wanda ya kaɗa masa ƙuri'a. Babban ma'aikaci ne daga rukunin manyan jami'an mulki na ƙasa baki ɗaya, waɗanda akasarinsu ke shiga ta wata jarrabawa mai tsananin wuya, kuma gwamnatin jiha ce ke turo shi, ta ɗauke shi bayan 'yan shekaru. Yana iya zama ɗan wata jiha can daban, sai ya koyi Marathi a bakin aiki. Sunan ya samo asali ne daga aikin tara harajin ƙasa, kujerar da aka ƙirƙiro a Bengal a 1772.

Hula uku yake sawa. A matsayin mai kula da ƙasa, shi ke riƙe da rajistar filaye, da karɓar fili don aikin gwamnati da biyan diyya, da ba da izinin mayar da gona wurin gini. A matsayin majistaren gunduma, yana da ikon hana taro idan ana fargabar tarzoma, da ba da lasisin makami. Sannan shi ne jami'in zaɓe na gunduma, shi ke jagorantar ƙidaya, shi ne kuma kan gaba idan bala'i ya auku. Lokacin da ƙasa ta zaftare ta binne ƙauyen Malin a talukar Ambegaon ranar 30 ga Yuli 2014, mutum 151 suka rasu, ofishinsa ne ya haɗa aikin ceto da sake tsugunar da waɗanda suka tsira.

Akwai ɗan siyasa a kansa ta wata fuskar. Gwamnatin jiha tana ware wa kowace gunduma minista guda, ana ce masa palakmantri, wato minista mai riƙo, shi ke shugabantar kwamitin da ke raba kuɗin ayyukan raya gunduma. Shari'a kuwa ba ta hannun Kwalekta. Kotun gunduma tana Shivajinagar, ƙarƙashin Babbar Kotun Bombay.

Su wa ke ƙarƙashin Kwalekta har zuwa ƙauye?

Daga shi sai jami'in yanki, wanda mutane ke kira jami'in prant, yana riƙe da taluka ɗaya ko biyu. Kowace taluka tana da tahsildar da mataimakansa. Ƙasa da su akwai jami'in da'ira, sai talathi, mai riƙe da littafin filaye na ƙauye ɗaya ko 'yan ƙauyuka. Gefe guda akwai polis patil, mutumin gari da gwamnati ke naɗawa ya zama idon 'yan sanda da tahsildar a ƙauyen. A wannan ɗan ɓangaren aikinsa ya yi kama da na mai unguwa.

Manomi bai cika ganin Kwalekta ba, talathi ne gwamnati a wurinsa, saboda wata takarda da ake kira satbara, ma'ana bakwai-sha biyu. An haɗa fom mai lamba 7 da mai lamba 12 na rajistar ƙauye. Na farko yana nuna lambar fili da girmansa da mai shi da bashin da ke kansa, na biyu yana nuna abin da aka shuka. Babu rancen banki, babu diyyar fari, babu sayar da gona sai da ita. Idan uba ya rasu, shigar da sunayen magada a cikinta shi ne babban abin da iyali ke bi. Yanzu ana iya ciro ta a intanet, kuma wannan ya rage wa mutane zirga-zirga ƙwarai. A ganina nan ne tsarin ya fi cancantar a yaba masa: gona komai ƙanƙantarta tana da lamba da suna a rubuce.

Takardun shaidar zama ɗan jiha, da ta kuɗin shiga, da ta jati, wato rukunin al'ummar da aka haifi mutum a ciki, su ma daga ofishin tahsildar ko na prant suke fitowa. Dokar jiha ta 2015 ta sa wa irin waɗannan ayyuka wa'adin kwanaki, ana kuma nema ta shafin Aaple Sarkar.

Talukoki nawa ne, kuma girmansu ɗaya?

Goma sha huɗu ne: Birnin Pune, Haveli, Khed, Ambegaon, Junnar, Shirur, Daund, Indapur, Baramati, Purandar, Bhor, Velhe, Mulshi da Maval. An sauya wa Velhe suna zuwa Rajgad a 2024. A wasu jerin za ka ga 15, saboda ana lissafa ƙarin ofishin tahsil na Pimpri-Chinchwad.

Girmansu ba ya ko kama da juna. Talukar Birnin Pune ta haura mutum miliyan 3 a 2011, Haveli da ta kewaye ta ta haura miliyan 2, su biyun kaɗai sun ɗauke fiye da rabin jama'ar gunduma. Velhe da ke cikin tsaunuka ba ta kai mutum 60,000 ba. Bhor kuwa da masarauta ce mai sarkinta, sai a 1948 aka shigar da ita cikin ƙasar Indiya.

To ina zaɓaɓɓun wakilai suke a karkara?

Suna cikin wani tsani daban mai hawa uku, wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da na Kwalekta. A sama akwai Zilla Parishad, majalisar gunduma, wadda ta fara aiki a 1962. A tsakiya akwai Panchayat Samiti guda 13, ɗaya a kowace taluka ban da ta birni. A ƙasa akwai majalisun ƙauye, gram panchayat, sama da 1,300, kowace da shugabanta da ake kira sarpanch. Gyaran kundin tsarin mulki na 73, wanda aka zartar a 1992, shi ya ba wannan tsarin gindin zama a duk ƙasar.

Makarantun firamare na karkara, ƙananan asibitoci, hanyoyin ƙauye, ruwan sha da gidajen renon yara, duk aikin Zilla Parishad ne. Mambobi ne ke zaɓen shugabanta daga cikinsu, amma ma'aikatan suna ƙarƙashin babban jami'in zartarwa, wanda shi ma gwamnatin jiha ke turowa daga rukuni ɗaya da Kwalekta. Rabin kujerun waɗannan majalisu na mata ne a Maharashtra tun 2011. Ba a rasa ƙauyen da miji ne ke juya al'amura da sunan matarsa, wannan ƙorafi ne sananne a can, amma dubban mata sun koyi karanta kasafin kuɗi da tsayawa gaban jami'i ta wannan ƙofa.

Wani abin takaici ya faru kwanan baya. Wa'adin majalisar gunduma da ta birni ya ƙare a 2022, sai shari'a a kan kujerun da ake ware wa wasu rukunin al'umma ta hana zaɓe fiye da shekara uku. Duk tsawon lokacin jami'an gwamnati ne suka riƙe majalisun a matsayin kantomomi. Duba amsar da ta shafi jati don ganin tushen rigimar.

Birnin kansa wa ke tafiyar da shi?

Nan ne baƙo ya fi rikicewa, domin abin da ido ke gani birni ɗaya ne, hukumominsa kuwa da yawa. Hukumar Birnin Pune an kafa ta a 1950, tana da mutum 3,124,458 a ƙidayar 2011. Maƙwabciyarta Hukumar Pimpri-Chinchwad an kafa ta a 1982, da mutum 1,727,692. Kowace tana da zaɓaɓɓun kansiloli da magajin gari, sai dai ikon zartarwa yana hannun kwamishinan da jiha ta naɗa. Magajin gari shugabancin zama da wakiltar birni a bukukuwa ya fi yi.

Bayan su akwai yankunan bariki uku, Pune da Khadki da Dehu Road, waɗanda hukumominsu ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaro ta tarayya. Unguwar da ake kira Camp tana cikin na farkon. Garuruwa irin su Baramati, Lonavala, Daund da Junnar suna da nasu ƙananan majalisun gari. A 2015 kuma aka kafa hukumar tsara babban yankin birni don kula da gine-ginen da ke ɓarkewa a wajen iyaka.

Iyakar ma ba a tsaye take ba. An shigar da ƙauyuka 11 cikin birnin Pune a 2017, wasu 23 a 2021. Saboda haka kafin ka nemi takardar haihuwa ko ta rasuwa, ka tambayi mai gidan da kake haya wace hukuma yake biya wa harajin gida. Ita ce taka.

Ɗana zai tafi karatu. Dole ne ya iya Marathi?

Ba dole ba ne, Alhaji, amma zai taimake shi. A ƙidayar 2011 kimanin kashi 78 cikin 100 na mutanen gundumar sun ce Marathi ne harshensu na gida, kashi 10 suka ce Hindi. Sauran sun rabu tsakanin Urdu, Kannada, Marwari, Telugu da Gujarati, kowanne bai kai kashi 2 ba. A jami'a da manyan asibitoci Ingilishi ya isa. A kasuwa da wurin masu keke mai ƙafa uku, ɗan Hindin da yaranmu ke tsinta a fina-finai yana fitar da mutum.

Inda Marathi ke zama tilas shi ne takardun gwamnatin jiha. Shi ne harshen aiki a hukumance, da shi ake rubuta sanarwa da satbara da yawancin rahoton 'yan sanda. Dokar 2020 ta wajabta koyar da shi a dukan makarantun jihar, kuma doka ta ce allon shago ya ɗauki suna da Marathi. Da baƙaƙen Devanagari ake rubuta shi, irin na Hindi, shi ya sa baƙo ke ɗauka harshe ɗaya ne. Daban suke, kuma mutanen Pune suna jin daɗi ƙwarai idan baƙo ya san haka. Kada yaron ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, ya nemi ofishin ɗaliban waje na makarantarsa su fassara masa.

Yaya aka yi Marathi ya zama harshen mulki?

Da gwagwarmaya aka samu. Bayan 'yancin kai Pune tana cikin Jihar Bombay, wadda ta haɗa masu Marathi da masu Gujarati. Da aka sake shata jihohi bisa harshe a 1956 aka bar Bombay da harsuna biyu, sai masu neman jihar Marathi suka ƙi yarda. An yi zanga-zanga, 'yan sanda suka harbe mutum sama da 100, kuma dandalin Hutatma Chowk a Mumbai don tunawa da su aka sa masa suna. Ranar 1 ga Mayu 1960 aka raba jihar gida biyu, Maharashtra da Gujarat.

Pune tana ɗaukar kanta cibiyar harshen. A ganuwar Shivneri kusa da Junnar aka haifi Shivaji a 1630, wanda ya kafa daular Maratha, daga Pune kuma Peshwa suka yi mulki a ƙarni na 18. Masu Marathi sun kai miliyan 83 a 2011, na uku a Indiya bayan Hindi da Bengali.

Akwai Musulmi da yawa? Ana samun masallaci da abincin halal?

A gundumar baki ɗaya Hindu sun kusa kashi 86 cikin 100, Musulmi kashi 7, mabiya Buddha kashi 3.6, Kirista da mabiya Jain kowanne wajen kashi 1.4. Yawan Musulmin gundumar ya haura mutum 670,000, kuma a cikin birnin Pune rabon Musulmi ya kai wajen kashi 11. Unguwannin Kondhwa, Camp da Mominpura suna da masallatai da mahauta da gidajen abinci na halal, shi ya sa ɗaliban Afirka da na ƙasashen Larabawa da dama ke neman haya a Kondhwa.

A kula da batun nama. Tun 1976 doka ta hana yanka saniya a Maharashtra, a 2015 kuma aka haɗa da sa. Jan naman da ake sayarwa bisa doka na ɓauna ne, sai akuya da rago da kaza. Batu ne mai zafi, kada baƙo ya yi wasa da shi, ko da lokacin layya ne.

Mene ne jati, kuma me ya haɗa shi da mulki?

Jati rukuni ne da ake haihuwar mutum a cikinsa, wanda a da shi ke yanke masa sana'a da aure da wanda zai ci abinci tare da shi. Kundin tsarin mulkin Indiya ya haramta ƙyamar da ake yi wa na ƙasa, ya kuma ware musu kaso a makarantu da aikin gwamnati da kujerun majalisa. A gundumar Pune, Dalit da doka ta jera, wato rukunin ƙasa da a da ake ƙyama, sun kai kashi 12.5 cikin 100, ƙabilun asali kuma kashi 3.7, irin su Mahadev Koli da Thakar da Katkari, akasarinsu a tsaunukan Junnar, Ambegaon, Khed da Maval. Yawancin mabiya Buddha da aka ambata a sama Dalit ne da iyayensu suka bi jagoransu Ambedkar lokacin da ya bar addinin Hindu a Nagpur a 1956. Yarjejeniyar da ta fara ware musu kujeru a wannan siffa ma a nan aka ƙulla ta a 1932, Gandhi yana tsare a kurkukun Yerawada.

Maratha su ne rukuni mafi ƙarfi a gona da siyasa, su ma suna neman kaso. Kotun Ƙoli ta soke dokar da ta ba su a 2021, jihar ta sake yin wata a 2024. Abin da ke rura wutar shi ne tun 1931 ba a fitar da cikakkiyar ƙidayar jati ba, kowane rukuni yana faɗin yawan da ya ga dama. Gwamnati ta ce ƙidaya mai zuwa za ta ƙirga.

Gaskiya ne maza sun fi mata yawa?

Gaskiya ne. A 2011 mata 915 ne ga kowane maza 1,000. Wani ɓangare na giɓin daga 'yan ci-rani ne, samari da ke zuwa aikin masana'anta da gini su bar iyali a gida. Amma ci-rani ba zai bayyana na yara ba: daga haihuwa zuwa shekara 6, 'yan mata 883 ne ga yara maza 1,000, ƙasa da 902 na 2001. Son ɗa namiji da nauyin dukiyar da iyayen amarya ke biya sun sa wasu na duba jinsin ciki su zubar. Dokar 1994 ta haramta gaya wa iyaye jinsin abin da ke ciki, don haka Hajiya idan kin je awo a Pune kada ki tambayi likita, laifi ne a kansa ya faɗa miki.

Abin yana da ɗaci idan aka tuna a wannan birnin ne Jyotirao Phule da matarsa Savitribai suka buɗe makarantar 'yan mata a 1848, kuma sunanta jami'ar Pune ke ɗauke da shi tun 2014.

Me ke jawo mutane haka?

Aiki da karatu. Pimpri, Chakan, Talegaon da Ranjangaon cike suke da masana'antun motoci da injuna, Hinjawadi a talukar Mulshi kuma ta kamfanonin kwamfuta ce. Jami'ar Pune an kafa ta a 1949, kwalejin Fergusson tun 1885, ga hedikwatar rundunar sojan kudu da makarantar horar da hafsoshi a Khadakwasla. Masu zuwa sun haɗa da 'yan jihar daga yankin Marathwada mai fama da fari, da 'yan Uttar Pradesh da Bihar da Karnataka.

Biyu daga kayan gundumar sun daɗe da shigowa gidajenmu. Hedikwatar kamfanin Bajaj, mai baburan da 'yan acaɓa ke hawa, tana Akurdi. Rigakafin sanƙarau na MenAfriVac, wanda aka fara yi a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010 sannan Najeriya a 2011, kamfanin Serum Institute da ke Pune ne ya haɗa shi.

Me ya sa ake yawan rigima a kan ruwa a wurin da ke da madatsu da yawa?

Domin damina ba ta raba daidai. Tsaunukan Sahyadri da ke yamma suna tare iskar teku, ruwa ya zuba kamar da bakin ƙwarya a Maval, Mulshi, Velhe da Bhor. Gabas kuwa, Shirur, Daund, Baramati da Indapur, abin da ke isa gare su kaɗan ne, fari ba baƙonsu ba ne. Madatsun suna yamma, rake mai shan ruwa yana gabas, birni mai ƙishirwa yana tsakiya. Ruwan Khadakwasla da birni ke sha shi ne manoman Daund da Indapur ke jira ta magudana, kuma duk shekarar da damina ta gaza sai an zauna rabo, minista mai riƙo da jami'an ban ruwa da hukumar birni. Masana'antun sukari na haɗin gwiwar manoma su ne ƙashin bayan siyasar gabas, daga nan gidan babban ɗan siyasa Sharad Pawar na Baramati ya samo ƙarfinsa.

Tsofaffin birnin suna ƙirga shekaru daga 12 ga Yuli 1961, ranar da madatsar Panshet ta ɓalle ruwa ya cinye unguwannin bakin kogin Mutha. Sake tsugunar da mutane bayan wannan ambaliya na cikin abin da ya sa birnin ya fara bazuwa waje.

Kujeru nawa gundumar ke da su a majalisa?

Tana da 21 cikin kujeru 288 na majalisar dokokin jiha. A majalisar wakilai ta tarayya mazaɓu huɗu ne suka shafe ta: Pune, Baramati, Shirur da Maval, ita ta ƙarshen tana raba ta da gundumar Raigad.

A matsayina na baƙo, wane ofishi ne nawa?

Na 'yan sanda da na rajistar baƙi, ba na Kwalekta ba. Rundunonin 'yan sanda uku ne a gundumar: ta birnin Pune, ta Pimpri-Chinchwad da aka kafa a 2018, da ta karkara. Iyakokinsu ba lallai su yi daidai da na hukumomin birni da aka bayyana a sama ba, don haka ka san ofishin 'yan sandan unguwarka tun ranar da ka kama haya.

Wanda bizarsa ta karatu ko jinya ko aiki ta wuce kwana 180, doka ta ce ya yi rajista cikin kwana 14 da saukarsa. Ana yi ta intanet a shafin e-FRRO, ta nan kuma ake neman ƙarin wa'adin biza da sanar da sauya gida. Mai masauki, otal ne ko mai gidan haya, wajibi ne ya cike fom C ya sanar da zamanka, makaranta kuma tana da nata rahoton da take turawa a kan ɗalibanta na waje. Ka tabbata mai gida ya yarda zai cike fom ɗin kafin ka ba shi kuɗin ajiya, ka kuma karɓi yarjejeniyar haya a rubuce. Idan biza ta kusa ƙarewa alhali magani bai ƙare ba, ka karɓi wasiƙar asibiti ka nemi ƙari tun da sauran makonni, domin wanda ya zarce wa'adi sai ya biya tara ya kuma nemi izinin fita kafin a bar shi ya hau jirgi.